Siffar Mugu a Ƙagaggen Labari: Dodo, Maye da Miyagun Labaran Ban Tsoro na Ingila

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami labarin da ya zauna a zukatan jama'a ba tare da mugu a cikinsa ba. Mugu shi ne mai ta da ƙura, shi ne mai raba jarumi da gida, kuma faɗuwarsa ita takan rufe labari. Don haka wanda yake son sanin abin da wata al'umma take tsoro ko take ƙyama, ya rage wa kansa tafiya in ya dubi irin miyagun da take ƙagawa.

A wannan maƙala an ɗauko miyagu daga gida biyu an jera su. Gida na farko shi ne labaran ban tsoro da aka rubuta a Ingila a zamanin Sarauniya Biktoriya, watau daga 1837 zuwa 1901, waɗanda manazarta suke kira labaran gotik. Na biyu shi ne tatsuniyoyin Hausa da ƙagaggun labaran farko da aka buga da boko. Tambayar da aka bi guda ɗaya ce: a ina mai labari yake ajiye mugunta, a jikin mugu da asalinsa, ko kuwa a cikin aikinsa? Amsar ta shafi masu tsara littattafan yaƙi da jahilci, domin littafin da aka shirya a Yamai zai ƙare ne a hannun mai karatu a wuri kamar Ajekoriya, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, inda manoma Hausawa da Fulani da Buzaye suke shan rijiya ɗaya, suke cin kasuwa ɗaya. A irin wannan wuri, siffar da aka ba mugu a takarda tana iya sauka a kan maƙwabci.

2.0 Kalmomin mugunta

Kalmar da Ingilishi yake kiran mugun labari da ita, villain, ta samo asali daga kalmar Latin villanus, mai aiki a gandun wani, watau talakan ƙauye. Ita kuwa sauvage ta Faransanci, wadda Ingilishi ya ara ya mai da ita savage, tushenta shi ne silva, watau daji. Ashe tun a bakin kalma an riga an yanke hukunci, cewa mugu baƙauye ne, marar imani kuwa mutumin daji. Mutanen birni da masu mulki su ne suka raɗa sunayen.

A Hausa kalmar mugu tana hawa kan mutum da abin da ba mutum ba: mugun nufi, mugun baki, mugun ciwo, mugun mafarki. Kusa da ita akwai ƙeta, cuta don jin daɗin cutar. Da zalunci, cutar wanda aka fi ƙarfi. Da ha'inci, cin amana a ɓoye. Da rashin imani, wanda a maganar yau da kullum yake nufin rashin tausayi. Da kuma dabbanci, aikin da ya fitar da mutum daga sahun mutane. Duk waɗannan sunayen ayyuka ne da halaye. A laccarsa mai suna Mutumin Kirkii, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Bahaushe yake auna mutum da su: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mugun tatsuniya shi ne wanda aka tuɓe wa waɗannan ɗaya bayan ɗaya.

Akwai kuma rukuni na biyu, mai ɗora aibi a kan asali, kamar mugun iri, ko arne da baƙauye da bagidaje in an yi zagi da su. Waɗannan rukunoni biyu, na aiki da na asali, su ne ma'aunin da za a bi da shi a sauran maƙalar.

3.0 Mugu a labaran gotik

Horace Walpole ne ya buɗe wannan fage a 1764 da littafinsa The Castle of Otranto, mai tsohon gidan sarauta da duhu da fatalwa da azzalumin maigida. A zamanin Biktoriya sai mugu ya bar kango ya shigo cikin mutane. Misali uku sun isa.

Na farko Heathcliff, a littafin Emily Brontë, Wuthering Heights, na 1847. An tsinto shi yana yaro a titin birnin Liverpool, fatarsa ta fi ta mutanen gidan duhu, ba a san iyayensa ba, kuma ba wanda ya gane harshen da yake magana da shi. Ya tashi cikin wulakanci, yarinyar da yake so ta auri mai dukiya, ya ɓace shekara uku, ya komo da kuɗi, ya mallake gidajen biyu da suka raina shi, ya huce fushinsa har a kan ƴaƴansu. Mutanen labarin sukan kwatanta shi da kyarkeci, wani lokaci da shaiɗan.

Na biyu Hyde, a littafin Robert Louis Stevenson na 1886 a kan Dokta Jekyll da Mista Hyde. Jekyll likita ne mai daraja a Landan, ya haɗa wani magani wanda in ya sha yakan rikiɗe ya zama Hyde, gajere, mai gashi a bayan hannu, wanda ake kwatanta motsinsa da na biri. Hyde ya tattake wata ƴar yarinya a titi cikin dare ya wuce abinsa, daga baya ya kashe wani dattijo ɗan majalisa da sanda ba tare da wani dalili ba. Duk wanda ya gan shi yakan ji ƙyamarsa, amma ya kasa faɗin abin da ya lalace a halittarsa.

Na uku Dirakula, a littafin Bram Stoker na 1897. Basarake ne daga Taransilbaniya, a gabashin Turai, mai haƙora masu tsini, da kunnuwa masu tsini, da gashi a tafin hannu. Ba ya cin abinci, jinin mutane yake sha. Ba shi da inuwa, ba ya fitowa a madubi, yakan sauko daga bango da kai ƙasa kamar ƙadangare, yakan zama jemage ko kyarkeci ko hazo. Ya shigo Ingila a jirgin ruwa da akwati 50 na ƙasar garinsu, wanda kuma ya sha wa jini yakan zama irinsa. Amma ba ya iya shiga gida karon farko sai wani na ciki ya ce masa ya shigo.

In an tara waɗannan za a ga alama huɗu: siffar dabba, da cin abin da ba a ci, da yawon dare, da baƙunta. Abin da ya ba alamun nauyi a wancan zamani shi ne rigar ilmi da aka sa musu. Bayan littattafan Charles Darwin na 1859 da 1871, tsoro ya shiga zukatan masu karatu cewa mutumin da ya hau yana iya gangarowa ya koma dabba. A 1876 likitan Italiya Cesare Lombroso ya yi da'awar cewa akwai wanda ake haifa mai laifi, ana kuma gane shi ta muƙamuƙi da kunne da tsawon hannu. Bincike ya rushe wannan da'awa tun da daɗewa, amma a lokacin ta karɓu, har Stoker ya sa ɗaya daga taurarinsa ta ambaci sunan Lombroso wajen bayyana halin Dirakula. A daidai wannan zamani ne kuma Turawa suke cin ƙasashe da yaƙi, suna kiran mutanensu da waccan kalma mai tushen daji. Saboda haka mugun labarin gotik ya ɗauki tsoro biyu: kada abin da aka ce yana can nesa ya shigo Landan, kada kuma ya zama tun can yana kwance a cikin mai kwat da hula. Stoker ya fi karkata ga na farko, Stevenson ga na biyu.

Tarihin jihar Maraɗi ya ba da nasa sharhi a kan wannan kalma. A 1899, shekara biyu bayan fitowar littafin Stoker, ayarin sojan Faransa a ƙarƙashin Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa yana karkashe mutane, Lugu da Birnin Kwanni suna cikinsu. Tafiyar ba ta tsaya ba sai a Dankori da Maijirgi, kusa da Tasawa, cikin watan Yuli, inda Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsai da shi, sojojinsu kuma suka kashe su su biyun. Waɗanda suka zo da sunan kawar da dabbanci su ne suka aikata shi.

4.0 Dodo da Kura

Tatsuniyoyin Hausa sun shiga takarda da wuri. J. F. Schön ya buga Magana Hausa a 1885, Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, littafi uku, tsakanin 1911 da 1913, R. S. Rattray da A. J. N. Tremearne kuma kowannensu ya buga nasa tarin a 1913. A cikin waɗannan, da kuma a bakin tsofaffi har yau, babban mugu shi ne Dodo.

Uku daga alamun nan huɗu suna tare da Dodo. Ƙato ne mai gashi, mazauninsa daji ko ruwa ko rijiya, da dare yake zuwa, yana jin warin mutum daga nesa, mutane kuma su ne abincinsa. A wasu ruwayoyi yakan haɗiye gari da dabbobinsa, sai an farke cikinsa su fito da rai. Ga ƙarfi amma ba wayo. A tatsuniyar Auta, ƙaramin yaro ne ya halaka shi da duwatsun da aka gasa a wuta, ya jefa masa a baki. Bakin da yake ci da shi ta nan ajalinsa ya shiga. Haka ita ma Kura: haɗama da tsoro da wauta su ne suke kai ta ga ramin da ta gina, shi ya sa aka ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Abin lura shi ne Dodo ba shi da ƙabila, ba shi da garin da za a nuna. Iyakar da yake ƙetarewa ita ce ta gida da daji, wadda karin magana ya taƙaita da cewa tsoro na daji, kunya na gida. Laifinsa shi ne ba ya jin kunya, ba ya raba abinci da kowa, ba ya riƙon alkawari, kuma yana mai da baƙo abin ci maimakon abin karramawa.

Game da alama ta huɗu, baƙunta, tatsuniya ta rabu biyu. Akwai labarin yarinyar da ta ƙi duk samarin garinsu, ta ce sai wanda ba shi da tabo ko ɗaya. Sai ga baƙo kyakkyawa, ta bi shi, da suka yi nisa a daji ya koma siffarsa ta dodo ko maciji. A nan kyau shi ne tarkon, watau kyan ɗan maciji, ƙofar kuwa daga ciki aka buɗe ta, kamar yadda aka buɗe wa Dirakula. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. A tatsuniyar Daskin-da-riɗi kuwa abin ya juya, domin yarinyar da aka raina ita ce ta samu mijin. A labarin Bayajida ma, macijin da ya hana mutanen Daura ɗibar ruwan rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a ɗan gari ne, wanda ya kashe shi kuwa baƙo. Darasin da yaro yake ɗauka daga waɗannan duka shi ne fuska da asali ba su isa shaida ba. Ko karin maganar da ya ce labarin zuciya a tambayi fuska, a kan fushi da murna yake magana, ba a kan halitta ba.

Wannan bai wanke al'adar daga ɗora dabbanci a kan wasu ba. Tsofaffin labaran fatake da na yaƙi sun yi ta ambaton Yamyam, wasu mutanen kudu da aka ce suna cin naman mutane, kalmar arne kuma ta sha zama hujjar kai hari da kamun bayi.

5.0 Maye: mugun cikin gida

Wanda ya fi kusa da Dirakula da Hyde a tunanin Bahaushe shi ne maye. Bisa ga camfi, maye yana da ƙanƙara a cikinsa, yana ganin kurwar mutum, ya kama ta, ya ɓoye, ya cinye, mai ita kuma ya yi ta rama har ya mutu. Da rana maƙwabci ne, ana gaisawa da shi, ana cin tuwo tare. Ana cewa ana shan maita a nono, ana kuma iya sayenta. Pamela Schmoll, wadda ta yi bincike a yankin Maraɗi, ta nuna a rubutunta na 1993 yadda mutane suke danganta yawaitar maita da kwaɗayin kuɗi na zamani.

A nan ne al'adar ta koma rukuni na biyu, na asali. Dodo yana mutuwa da an ce ƙurunƙus, amma maye yana da suna da gida da ƴaƴa. Wanda aka laƙaba wa maita akan tilasta masa ya tsallake marar lafiya a gaban jama'a, akan guji abincin gidansa, akan ƙi auren ƴaƴansa. An ce in maye ya manta, uwar ɗa ba ta mantawa, zargin ma haka yake, ba ya mantuwa har jikoki. Abin da Lombroso ya yi da ma'aunin ƙoƙon kai, shi camfi ya yi da nono.

6.0 Rubutattun labarai

Gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933 ta haifar da ƙagaggun labarai biyar na farko. A cikinsu Jiki Magayi, na John Tafida da East, shi ne ya fi kama da labarin Heathcliff. Abubakar yana son Zainabu, attajiri Malam Shehu ya raba su da ƙarfin dukiya, Abubakar ya shiga uwa duniya neman asirin ramuwa, asirin kuma ya faɗa a kan ɗansu Kyauta, wanda ya lalace ya zama ɓarawo, har ya kashe mahaifinsa bai sani ba. Bambancin shi ne ba a ba Abubakar wani baƙon asali ba. Ɗan gari ne da aka zalunta, ya bar ƙullaci ya cinye shi, mai karatu kuma yana ganin kowane taki da ya yi zuwa ga mugunta.

A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito tsakanin 1937 da 1939, mugun da ya riƙe littafin farko waziri ne, mai babbar riga da daɗin baki, wanda ya haɗa kai da abokan gaba don ya ci amanar Sarki Abdurrahman, aku kuma ya yi ta tsare Musa da labarai har makircin ya tonu. Ba haƙori, ba gashi, ba daji. Da ɗan gari akan ci gari.

7.0 Abin lura ga masu tsara littattafai

Tun daga makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da aka buɗe a Damagaram a 1973, har zuwa 2025 da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a Nijar, bukatar abin karantawa ƙaruwa take yi. Babban da ya koyi karatu, in bai sami labari mai jan hankali ba, karatun yakan zube. Labarin ban tsoro yana cikin masu riƙe mai karatu, don haka ba a ba da shawarar a cire mugu ko a rage masa kaifi ba. Yadda za a gina shi ne abin kula.

Gundumar Dakwaro tana kan gaɓar noma da kiwo, gaɓar da dokar 1961 ta shata wa iyaka ta arewa. Jihar Maraɗi kuma ta ga abin da ya faru a Toda a 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Ba labari ne ya jawo wannan ba, amma kisan maƙwabci yakan yi sauƙi bayan an fitar da shi daga sahun mutane da baki. Saboda haka ana ba da shawarwari kamar haka:

(i) Wajen fassara daga Faransanci ko Ingilishi, a juya sauvage da ƴan'uwanta da kalmomin aiki, kamar marar imani, azzalumi, maƙetaci, mai dabbanci. A guji arne da baƙauye da sunan kowace ƙabila ko sana'a. Inda marubucin asali ya jingina mugunta ga launi ko asali, a yi gajeren bayani a gabatarwa a kan zamaninsa.

(ii) Wajen zane, kada a sa wa Dodo rawani ko malfa ko tsagar fuska ko sandar da za a gane ta wasu mutane ce. Kada kuma a mai da kuturta ko makanta ko zabiyanci alamar mugunta.

(iii) A raba tatsuniya da darasin kiwon lafiya. Zazzaɓi mai zafi da suma da sambatu, waɗanda akan ɗauka kamun maye ne, alamu ne da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suke kawowa. Sunan da marar lafiya ya kira cikin sambatu ba shaida ba ne, a faɗi haka a fili, a kuma nuna hanyar asibiti.

(iv) A tambayoyin bayan karatu, a tambayi abin da mugu ya aikata, da wanda ya buɗe masa ƙofa, da abin da ya kayar da shi. Irin waɗannan tambayoyi suna koyar da bin dalili, suna kuma ba manya abin tattaunawa.

(v) Wajen tattara gatana a ƙauyuka, a rubuta ta da karin harshen mai ba da ita, Gobiranci ne ko Katsinanci ko Adaranci, kafin a daidaita ta, domin a cikin kirari da zambo da sunayen da ake ba mugu ne ake samun kalmomin da ƙamus bai kama ba.

8.0 Kammalawa

An ga cewa labaran gotik da tatsuniyoyin Hausa suna gina mugu da kaya kusan iri ɗaya: siffar dabba, haramtaccen ci, dare, da ƙetare iyakar gida. Inda suka rabu shi ne wurin ajiye laifin. Marubutan zamanin Biktoriya sun yawaita rataya shi a kan halitta da baƙunta, ilmin zamaninsu kuma ya mara musu baya. Tatsuniya da rubutattun labaran Hausa sun fi rataya shi a kan hali, ko da yake camfin maita da zagin asali sun nuna cewa ɗaya hanyar ma a buɗe take. Aikin da ya rage wa manazarta shi ne tattara kalmomin mugunta da sunayen miyagun labari a Hausa da Fulatanci da Buzanci a yanki guda, kamar na Ajekoriya da kewaye, a gwada su, don masu rubuta littattafan karatu su san wace kalma ce take nuna aiki, wace ce kuma take nuna mutum.